JARABAR GIYA: MA'AUNIN SAURAYI DABAN, NA DATTIJO DABAN

Wannan shi ne cikakken jawabin kiwon lafiya na wannan wata, wanda aka tsara domin jama'ar ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Ana roƙon duk wanda jaridar ta shiga hannunsa ya karanta wa maƙwabtansa.



Maganar yau magana ce mai nauyi a baki, wadda ba a cika yin ta a bainar jama'a ba a ƙasar Katsina, watau maganar giya da ciwon da take haifarwa. Wani zai ce ina ruwan mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da wannan zance, alhali kuwa mafi yawansu Musulmi ne, addini ya haramta giya, kuma tun shekarar 2000 Jihar Katsina ta shiga sahun jihohin da ke aiki da shari'ar Musulunci? Gaskiya ne addini da doka sun sa masu sha ba su da yawa a wannan yanki. To amma 'yan kaɗan ɗin da ke sha a ɓoye suke sha, kuma in ciwo ya kama su a ɓoye suke jinya. Ciwon da ake ɓoyewa kuwa shi ya fi kowane wuyar ganewa, domin majinyaci ba zai faɗa ba, iyali ba za su faɗa ba, malamin asibiti kuma yana jin nauyin tambaya. Hausawa dai sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abin da wannan jawabi zai tsaya a kai shi ne abu guda: alamun jarabar giya ba iri ɗaya suke fitowa ga saurayi da magidanci da dattijo ba. Wanda ya auna su da ma'auni ɗaya zai yi kuskure sau biyu. Zai yanke wa yaro hukuncin cewa ya lalace tun bai kai ga haka ba, sa'an nan zai bar dattijo yana mutuwa a hankali, ana cewa tsufa ne. Kowa ya san in an je asibiti ba a ba jariri ƙwayar da ake ba babba. To haka ma wajen gano ciwo, sai an dubi shekaru.

TA INA GIYA KE SHIGOWA?

Akwai burkutu da ake dafawa da dawa, wanda ya daɗe a wasu ƙauyuka. Akwai giyar kwalba da ake samu a ɓoye a garuruwan da ke bakin manyan hanyoyi. Akwai samarin da ke tafiya cirani bayan an gama kaka, su je Abuja ko Legas ko Fatakwal, wasunsu su dawo da ɗabi'ar da ba su tafi da ita ba. Sa'an nan akwai wadda ta fi duka yaɗuwa a shekarun baya-bayan nan, watau barasa mai ƙarfi da ake ɗurawa a 'yar leda ko ƙaramar roba, mai arha, wadda yaro zai saka a aljihu ba wanda ya gani. Saboda ita ne hukumar NAFDAC ta ba da sanarwa a watan Fabrairu na 2024 cewa ta fara hana yin giya a leda da kuma kwalaben da ba su kai mililita 200 ba.

Har wa yau akwai wani ruwa mai ɗaci da ake sayarwa da sunan maganin basir, ko ciwon baya, ko ƙarin kuzari. Da yawa daga cikin irin waɗannan an jiƙa saiwoyin ne a cikin barasa, kuma a jikin kwalbar akan rubuta kashi nawa cikin ɗari na ruwan barasa ne. Dattijon da bai taɓa shiga gidan giya ba yana iya shan wannan safe da yamma shekara da shekaru, yana ganin magani yake sha. Wanda ya iya karatu ya riƙa duba jikin kwalba kafin shi ko mahaifinsa ya kai ta baki.

MENE NE JARABAR GIYA?

Ba duk wanda ya taɓa sha ne likita zai ce ya kamu ba. A wajen addini laifi ne tun daga kurɓin farko, wannan babu jayayya. Amma a wajen likita akwai matakai. Akwai wanda ya ɗanɗana, akwai wanda shan ya fara cutar da shi, akwai kuma wanda giya ta riga ta mallake shi har ba shi da iko da kansa. Wannan na ƙarshe shi ne mai ciwon jarabar giya.

A shekarar 1976 wasu likitoci biyu, Griffith Edwards na Ingila da Milton Gross na Amurka, suka rubuta bayanin yadda wannan ciwo yake. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora a kan aikinsu. A cikin kundin sunayen cututtuka na 10 da ta amince da shi a 1990, ta jera alamu shida, ta ce in uku daga ciki suka haɗu ga mutum a cikin shekara guda, to ya kamu. Ga su:

1. Matsananciyar sha'awar sha, wadda ke hana mutum sukuni.
2. Kasa tsayawa: ya yi niyyar kofi ɗaya ya zarce, ya yi alkawarin dainawa ya kasa.
3. Ciwon yankewa, watau karkarwa da gumi da tashin zuciya in bai samu ya sha ba.
4. Sabon jiki, watau abin da ke bugar da shi a da yanzu bai ishe shi ba sai ya ƙara.
5. Watsar da sauran al'amura, kamar gona da sana'a da zumunci, saboda sha.
6. Ci gaba da sha bayan ya ga cutar da yake yi masa ƙuru-ƙuru.

A kundi na 11, wanda ya fara aiki a watan Janairu na 2022, an dunƙule waɗannan zuwa gida uku: rashin iko da kai, fifita sha a kan komai, da kuma canjin jiki, watau sabo da ciwon yankewa. Biyu daga cikin ukun sun isa. Rahoton da hukumar ta fitar a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a duniya, kuma mutum miliyan 209 ne ke fama da wannan jaraba.

To ga inda gizo ke saƙa. Waɗannan alamu an fi tattara su ne daga majinyatan da likitoci suka gani a asibiti, galibinsu magidanta waɗanda suka yi shekaru masu yawa suna sha. Ga irin waɗannan, mai shekara 35 zuwa 55, ma'aunin yakan zauna daidai. Hannunsa na rawa da safe, gonarsa ta cika da ciyawa, ya sayar da masarar da zai ciyar da iyali, matarsa ta yi yaji sau uku. Ko ba likita ba zai gane. Matsalar tana ga waɗanda ke ƙasa da haka da waɗanda ke sama da haka.

KUSKUREN DA AKE YI GA SAMARI

A ɗauki misalin saurayi ɗan shekara 19, wanda ya dawo daga cirani. Ranar kasuwa in ya samu kuɗi sai su keɓe da abokai su sha 'yar leda har su bugu. Sauran kwanaki shida yana gona tare da mahaifinsa, ba ya sha. In aka tambaye shi, "Abin da ke bugar da kai a da, yanzu yana bugar da kai?" zai ce a'a, da leda ɗaya ce, yanzu sai uku. In aka ce, "Kana jin ciwo in ka daina?" zai ce ƙwarai, washegari kansa kamar ya tsage, ga amai. In aka ce, "Kakan sha fiye da yadda ka yi niyya?" zai ce e. Amsa uku ke nan, kuma a bisa takarda ya cika sharaɗi.

Amma a duba amsoshin ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya fara sha, jikinsa yakan saba da sauri a watannin farko, kuma saurayi jikinsa ma yana kan girma. Wannan ya sha bamban da sabon mutumin da ya shekara goma sha biyar yana sha kullum. Ciwon kai da aman washegari kuwa ragowar maye ne, ba ciwon yankewa ba. Ga yadda ake rabe su: ragowar maye yakan sauka da kansa in rana ta ɗaga, aka sha ruwa aka ci abinci. Ciwon yankewa kuwa ƙaruwa yake yi in lokaci na tafiya, kuma yakan lafa in mutum ya sake kurɓa. Batun wuce niyya kuma, sau da yawa yaro bai ma yi wata niyya ba tun farko, abokai ne ke zuga shi.

Masana sun lura da wannan a Amurka. In aka bi gida gida ana yi wa jama'a waɗannan tambayoyi, sai lissafi ya nuna samari 'yan ƙasa da shekara 30 sun fi kowa kamuwa, alhali waɗanda ake jinya a asibiti galibi sun girme su nesa. A 2006 wasu masu bincike biyu, Raul Caetano da Thomas Babor, suka yi rubutu suna cewa wani ɓangare na wannan lissafi kuskuren awo ne, domin samarin suna ɗaukar ragowar maye a matsayin ciwon yankewa, suna kuma ɗaukar sabon farko a matsayin sabon wanda ya daɗe. An kuma lura cewa da yawa daga cikin irin waɗannan samari sukan bari da kansu in sun yi aure ko sun samu aikin da ya riƙe su.

Kada iyaye su ji wannan su saki jiki. Hatsarin saurayi yana nan, sai dai ta wata ƙofa yake zuwa. Ba hantarsa ce ke fara kashe shi ba. Abin da ke kashe shi shi ne hawa babur a buge, da faɗa da makami, da faɗawa ruwa, da haɗa giya da wasu ƙwayoyi. A arewa maso yamma yaron da ke shan giya sau da yawa yana taɓa wani abin, kamar tiramol ko ruwan kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana shigowa da shi da yin sa a watan Mayu na 2018. Giya da kodin da ƙwayar barci duk suna danne numfashi, in suka haɗu mutum yana iya kwanciya bai tashi ba. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gano mutum miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da kayan maye a shekara guda, ban da giya da taba. Saboda haka duk mai tambayar yaro kan giya, lalle ya tambaye shi sauran.

Bugu da ƙari, ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, kuma sashen da ke hana mutum aikata ganganci shi ne ke nuna a ƙarshe. Wani bincike da Bridget Grant da Deborah Dawson suka buga a Amurka a 1997 ya nuna wanda ya fara sha kafin ya kai shekara 15 ya ninka wanda ya fara bayan ya kai 20 har sau huɗu wajen yiwuwar kamuwa da jaraba daga baya. Ke nan saurayi yana iya zama bai kamu ba tukuna, amma yana kan hanya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Me ya sa ake damuwa da bambancin? Domin magani yana bin sunan ciwo. In aka ce yaro ya lalace, sai a fitar da rai da shi, a hana shi aure, wani lokaci a kai shi gidan mari. Jama'a ba su manta ba da abin da ya faru a watannin Satumba da Oktoba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka buɗe irin waɗannan gidaje a Kaduna da Daura da Katsina, suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Iyaye da yawa da kyakkyawar niyya suka kai 'ya'yansu. Yaron da ke buƙatar nasiha da sana'a da canjin abokai, sarƙa ba za ta ƙara masa komai ba sai ƙiyayya. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

KUSKUREN DA AKE YI GA DATTAWA

Yanzu a ɗauki misali na biyu. Dattijo ne ɗan shekara 68, ya yi aikin tuƙin babbar mota a ƙuruciyarsa, yanzu yana zaune a gida, 'ya'ya ke noma. Uwargidansa ta rasu. Kullum da dare yakan sha abin da bai wuce rabin ƙaramar kwalba ba, don ya samu barci. A yi masa tambayoyin nan shida. Yana ƙara yawan abin da yake sha? A'a, ya ma rage, yanzu kaɗan ke isar sa. Ya watsar da aiki? Ba shi da aikin da zai watsar. Wani ya taɓa yi masa faɗa? Wa zai yi wa mai gida faɗa? A bisa takarda lafiyarsa lau. Alhali ya faɗi sau biyu a wata guda, yana mantuwa, ba ya cin abinci, hawan jininsa ya ƙi sauka duk da magani.

Dalilin haka yana cikin jiki. In mutum ya tsufa, tsokarsa takan ragu, ruwan jikinsa ya ragu, giya kuwa a cikin ruwan jiki take narkewa. Kowace mace ta san cokalin gishirin da zai yi daidai a babbar tukunya, in aka zuba shi a ƙaramin kwano miya ba za ta ciwu ba. Haka kofi ɗaya yake ga tsoho: ya fi ƙarfi a jininsa fiye da yadda yake lokacin da yake da shekara 30, ƙwaƙwalwarsa kuma ta fi saurin jin sa. Don haka raguwar abin da dattijo ke sha ba shaida ce ta sauƙi ba. Wani lokaci ma alama ce hanta ta gaji.

Na biyu, alamun suna kama da na tsufa. Rawar hannu, mantuwa, rashin barci, faɗuwa, saurin fushi, ramewa, sakin fitsari, duk akan ce gigin tsufa ne, ko a ce iska ce, ko sammu. Gigin tsufa na gaskiya ba ya warkewa, amma ruɗewar da giya ta kawo sau da yawa takan yi sauƙi in an daina sha, an samu abinci mai kyau da bitamin B1, wanda giya ke hana jiki samu. Wannan babban bambanci ne, domin dattijon da aka fitar da rai da shi yana iya dawowa cikin hankalinsa.

Na uku, dattawa su ne masu shan magunguna. Giya tana lalata aikin maganin hawan jini. Ga mai ciwon sukari tana iya sa sukarin jini ya faɗi ƙasa har ya suma. In ta haɗu da magungunan ciwon gaɓɓai irin su asfirin tana iya jawo zubar jini a ciki. In ta haɗu da farasitamol mai yawa tana ƙara wa hanta rauni, balle ga wanda dama yake ɗauke da ƙwayar cutar hanta, wadda ta yawaita a Nijeriya.

Likitoci sun raba dattawa masu wannan matsala gida biyu. Kimanin kashi biyu cikin uku sun fara ne tun suna matasa suka tsufa da ita. Sauran kashi ɗayan kuwa da girmansu suka fara, bayan wani rashi: mutuwar mata, ko barin aiki, ko ciwo mai tsanani, ko kaɗaici. Wannan ya kamata mutanen yankin nan su riƙe da kyau. Hare-haren 'yan bindiga da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suka sha fama da su sun raba dattawa da yawa da gonakinsu da shanunsu, wasu da 'ya'yansu, wasu sun koma zaman haya a Funtua ko Katsina. Mutumin da ya kwana yana tunani, wani ya miƙo masa ruwa mai ɗaci ya ce zai sa shi barci, yana cikin hatsari ko da bai taɓa sha ba a rayuwarsa. Abin farin ciki shi ne waɗanda suka fara da girma sukan karɓi magani da kyau in an gano su da wuri.

HATSARIN YANKEWA FARAT ƊAYA

Ga wata magana da za ta iya ceton rai. Mutumin da ya daɗe yana sha kullum, in ya yanke farat ɗaya, jikinsa yana iya rikicewa. Daga awa 6 zuwa awa 24 bayan kurɓin ƙarshe sai karkarwa da gumi da fargaba su fara. A cikin kwana biyun farko yana iya yin jijjiga kamar mai farfaɗiya. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu wasu sukan ruɗe gaba ɗaya, su yi ta gane-gane, jiki ya yi zafi, zuciya ta riƙa bugawa da sauri. Wannan mataki yana kisa in ba a kai mutum asibiti ba, kuma ya fi tsanani ga tsofaffi.

Irin wannan yakan faru ba da shiri ba. An kwantar da dattijo a asibiti saboda karaya, kwana biyu sai ya fara fizge-fizge, ba wanda ya san dalili domin ba wanda ya faɗa wa likita yana sha. Ko azumi ya kama ya yi niyyar tuba ya yanke a daren farko. Ko 'ya'ya su gano su kulle shi a ɗaki. Dainawa wajibi ce kuma abin yabo ce, amma ga wanda ke sha kullum, a hannun likita ake yin ta. Akwai magungunan da ake bayarwa na 'yan kwanaki su kwantar da jiki har ya wuce wannan siraɗi. Saurayin da ke sha ranar kasuwa kaɗai, galibi yana iya barinta yau ba tare da wannan hatsari ba. Ga bambancin shekaru da daɗewa ya sake fitowa.

TAMBAYAR DA TA DACE DA KOWA

Saboda waɗannan dalilai masana suka tsara tambayoyi daban-daban. A 1989 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tambayoyi 10 da ake kira AUDIT, domin manya gaba ɗaya. A 1999 wani likitan yara a birnin Boston na Amurka, John Knight, ya fitar da tambayoyi shida domin matasa, ana kiran su CRAFFT. A Jami'ar Michigan kuma an tsara wasu domin tsofaffi tun farkon shekarun 1990.

Ga saurayi, abin da ake so a sani shi ne: ya taɓa hawa abin hawa wanda mai tuƙin yake a buge, ko shi kansa? Yana sha don ya manta damuwa? Yana sha shi kaɗai? Yakan manta abin da ya aikata a cikin maye? 'Yan uwa ko abokai sun taɓa ce masa ya rage? Ya taɓa shiga rigima saboda sha? In ya amsa e sau biyu, yana buƙatar a zauna da shi sosai. Shan kaɗaici da shan safe su ne alamun da suka fi nuna yaro ya wuce wasan abokai.

Ga dattijo kuwa, tambayar yawan kwalba ba ta wadatar ba. A tambaye shi: yana shan wani abu don ya samu barci ko ya kwantar da hankali? Ya ƙara sha bayan wani rashi? Yakan bar abinci bayan ya sha? Yana sha in kaɗaici ya dame shi? Ya faɗi kwanan nan? Waɗanne magunguna yake sha, har da na gargajiya da na kwalba? Yadda za a yi tambayar ma daban ne. Ba a titsiye dattijo a gaban surukai da jikoki. Malamin asibiti ya keɓe da shi ya ce, "Baba, wannan ruwan da kuke sha na ciwon baya, ko za a kawo kwalbar a duba?" Ta haka an kare mutuncinsa, an kuma samu gaskiya.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Iyaye: in kun ga alama ga yaro, uba ko kawu ya zauna da shi lokacin da yake cikin hankalinsa, ba lokacin maye ba. A bincika abokansa da hanyar kuɗinsa, a ɗora masa aikin da zai riƙe shi, a kai shi asibiti a tantance matakin da yake.

'Ya'ya da matan gida: in dattijo ya canja, yana faɗuwa, yana mantuwa, kada a tsaya ga cewa tsufa ne. A tattara duk kwalaben da yake sha a tafi da su asibiti, a faɗa wa likita gaskiya. Sirrin majinyaci amana ce a wuyan ma'aikacin lafiya. Aikinsa magani ne, ba hukunci ba.

Ma'aikatan lafiya: ku riƙa yi wa kowa tambaya, yaro da babba, mai rawani da marar rawani, domin in kowa ake tambaya ba wanda zai ji an wulaƙanta shi.

Malamai da limamai: wa'azinku yana da tasiri ƙwarai. A haɗa da sanar da masu niyyar tuba cewa neman taimakon likita ba ya rage tuba.

Za a iya farawa daga asibitin da ya fi kusa, ko babban asibitin Ƙanƙara ko na Funtua. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura mutum gaba, zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Zuwa asibitin ƙwaƙwalwa ba ya nufin mutum ya haukace, can ne ƙwararrun wannan fanni suke. Wanda kuma ya fara jijjiga ko gane-gane bayan ya daina sha, a garzaya da shi asibiti a wannan sa'a, kada a jira gari ya waye.

A taƙaice, jama'a, yaron da kuka gani a buge ranar kasuwa mai yiwuwa bai kamu ba tukuna, kuma yanzu ne lokacin ceto shi. Dattijon da ba ku taɓa gani a buge ba mai yiwuwa ya daɗe da kamuwa, kuma shi ma yana da magani. Kowannensu a dube shi gwargwadon shekarunsa, a yi masa tambayar da ta dace da shi, a rufa masa asiri, a kai shi inda za a taimake shi.

Allah ya shirya zuri'a, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya zaunar da ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa lafiya, amin. Wassalamu alaikum.